Akwatin Hotunan Majigi

Daminar shekarar 2020 ba ta zo wa mutanen Jihar Kebbi da sauƙi ba. Ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a fadamu, ta rushe gidajen ƙasa a ƙauyuka masu yawa, kuma har a garuruwan da gulbi bai isa ba, ruwan sama ya yi ta neman ɓaraka a jikin soraye. A cikin garin Gwandu, a gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta wanda ya daɗe da yin ritaya, bangon ɗakin ajiya ya tsage, ruwa ya kwanta a ciki kwana biyu ba wanda ya lura. Da rana ta fito aka kwaso kayan ɗakin aka baza a tsakar gida domin su sha iska. Cikin kayan akwai wata tsohuwar adaka da tsatsa ta ci gindinta. 'Yar Malam, wadda take aure a Kalgo kuma take koyarwa a wata makarantar firamare a can, ta zo yi musu jaje, ita ce ta buɗe adakar. Ta sami takardun aiki da littattafan shirin darasi da suka yi jawur don tsufa, sannan a can ƙasa, naɗe cikin tsumman rawani, ta sami 'yan akwatuna masu launin rawaya, kowane cike da ƙananan kwalaye, kowane kwali da tagar fim a tsakiyarsa. Ta zaro ɗaya ta kara shi da hasken rana. Sai ga mahaifinta yana saurayi, tsaye gaban baƙin allo, tsawonsa bai wuce na kwanson gyaɗa ba.

Ɗalibin da aka haifa a zamanin wayar hannu yana buƙatar a yi masa bayanin wannan abu. Hoton da aka saba gani shi ne wanda mai hoto yake wankewa a kan takarda. Wannan kuwa fim ɗin da ya fito daga cikin kyamara shi ne hoton kansa, da cikakken launinsa, ba a juya baƙi ya koma fari ba. Faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, an ɗaure shi cikin kwali mai santimita 5 a kowane gefe. Ba a iya kallonsa sai haske ya ratsa shi ta baya, shi ya sa ake saka shi cikin na'ura mai ƙwan fitila ta haska shi a bango ya zama babba. Hausawa sun daɗe da sanin irin wannan na'ura, domin tun zamanin Turawa motocin gwamnati suke yawo gari-gari suna nuna majigi a ƙofar fada. Saboda haka a gidan Malam ba a taɓa kiran waɗannan 'yan kwalaye da wani suna ba sai hotunan majigi.

Malam ya gaji kyamarar da majigin ne daga wani Bature ɗan Ingila, cikin masu aikin sa-kai da suka koyar a kwalejojin horar da malamai na Arewa. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa su, tare da ragowar fim samfurin Kodachrome. Wannan fim, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1935, yana da wani hali: wankinsa yana da wuya ƙwarai, ba ya yiwuwa a shagon mai hoto. Kuɗin wankin yana cikin kuɗin sayensa, kuma yakan zo da ambulan nasa. Idan Malam ya cika fim sai ya saka shi a ambulan, ya kai gidan waya a Birnin Kebbi, a aika da shi wani gari da ake kira Hemel Hempstead a Ingila. Daga nan sai jira, makonni su yi ta wucewa, har wata rana a ce masa yana da saƙo. Wanda ya san fim ɗinsa hoto 36 kawai yake ɗauka, kuma ba zai ga sakamakon ba sai bayan wata ɗaya ko biyu, ba ya danna kyamara da garaje. Wannan kaɗai ya isa ya bambanta hotunan Malam da dubban da suke cike da wayoyin jikokinsa.

Abin da ya sa ya jure wannan ɗawainiya shi ne aji. A lokacin littattafan labarin ƙasa cike suke da hotunan wuraren da yaro bai taɓa gani ba, amma babu hoton gulbin da yake wanka a ciki. Malam ya ɗauki masunta da homa da gora a bikin kamun kifi na Argungu, ya ɗauki hawan salla a Birnin Kebbi zamanin Sarkin Gwandu Haruna Rashid, wanda ya yi sarauta daga 1954 zuwa 1995. Ya ɗauki Hubbaren Malam Abdullahi bn Fodiyo a Gwandu, da marina, da masaƙa, da mata masu sussukar shinkafa a fadamar Kalgo, inda aka tura shi aiki a tsakiyar shekarun 1970. Idan ya sami aron janareta sai a toshe tagogin aji da tabarmi, a rataya farin zane, yara su ga kasuwar garinsu ta cika bango. Haka aka yi ta yi har ƙwan majigin ya mutu, aka nemi irinsa a Sakkwato aka rasa. Hotunan suka koma adaka. Can a duniya ma zamaninsu ya shuɗe: Kodak ya daina ƙera majigin nuna su a 2004, ya daina yin fim ɗin Kodachrome a 2009, wurin wanki na ƙarshe da ya rage, a garin Parsons na Jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓarsa a ƙarshen Disamba 2010.

Da 'yar ta kai wa mahaifinta hoton da ta zaro, ya juya shi a hannu, ya kara shi da rana kamar yadda ta yi, amma bai ga komai ba sai wani ɗan haske mai launi. Yana ta fara rufe masa ido, shekarunsa kuma sun haura 70. Nan take ta fahimci irin gaggawar da ke gabanta. Hotunan sun kai ɗari uku da 'yan kai, kuma waɗanda aka yi rubutu a bakin kwalinsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Fumfuna ta fara cin wasu tun kafin wannan ruwa. Mutum ɗaya ne a duniya ya san waɗanda suke cikinsu, shi kuwa ba zai iya ganinsu ba sai an ƙara musu girma. Ta roƙe shi ya ba ta su ta tafi da su Kalgo. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mata, ba ya faɗin sunanta, sai dai ya kira ta Uwata. Ya ce, “Uwata, tahi da su, amma ki maido mini abina.”

An yi asara kafin a sami hanya. Wani yaron gidan mijinta, cikin son taimako, ya ga hotunan sun yi ƙura, sai ya jiƙa tsumma ya goge guda bakwai. Launin fim yana kwance ne cikin wata 'yar siririyar shimfiɗa mai kama da ƙaro, wadda ake yi daga ƙashi da fatar dabba. Ita ce fumfuna take ci, kuma wurin da ta ci, ruwa yana taɓa shi sai ya narke. Biyu daga cikin bakwai ɗin suka koma farar roba, ba wanda zai ƙara sanin abin da ke jikinsu. Bayan wannan ta kai guda goma wani shagon kwamfuta a Birnin Kebbi, aka ɗora su a kan sikana irin ta takardu, aka karɓi kuɗinta, aka ba ta hoton kwalaye goma, kowane da baƙin tabo a tsakiya. Mai shagon bai yi niyyar cuta ba, bai dai san abin ba ne. Sikana ta takarda tana haska abu ta gaba ta karɓi hasken da ya dawo, shi kuwa hoton majigi sai an haska shi ta baya.

Da ta gane wannan sai ta haɗa nata kayan aikin a ɗakinta. Ta sami kwalin takalmi ta huda taga daidai girman fim a murfinsa. A cikin kwalin ta kwantar da wayar mijinta, ta buɗe farin shafi, ta ƙure haskenta. Gwajin farko ya fito da wasu 'yan layuka kamar saƙar tabarma a bayan hoton, domin kyamara tana hango ɗigogin fuskar wayar da ke ƙasa. Maganin abin shi ne a bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin fim da haske, a kuma shimfiɗa farar roba marar zane a kan wayar don hasken ya bazu daidai. Tata wayar ta ɗora ta a kan tarin littattafai, idon kyamarar yana kallon ƙasa, ta maƙala masa ɗan gilashin nan na ɗaukar abu na kurkusa da ake sayarwa a kasuwar 'yan waya. Ta kashe walƙiyar kyamara, ta rufe ƙofa da taga, ta sa wayar ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, domin ko motsin yatsa yana ɓata hoto. Malamar da ta saba haɗa kayan koyarwa da kwali da murafun kwalba ba ta ga wani abin mamaki a cikin wannan ba.

Babban abokin gabarta shi ne hunturu. Ta fara aikin sosai a watan Disamba, lokacin da ƙura take shiga ko'ina, har cikin tukunya mai murfi. Ƙwayar ƙurar da ido ba ya gani a kan fim, idan an ƙara wa hoto girma sai ta zama kamar tsakuwa a goshin mutum. Ta koyi riƙe kwali ta gefe, ta koyi kaɗe ƙura da burushi mai laushi da 'yar robar hura iska, ba da baki ba, domin numfashi yana da laima. Takan yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki ta bari ƙura ta kwanta kafin ta buɗe akwati. Aikin dare ne, bayan an yi sallar lisha an kwantar da yara, an kuma gama duba littattafan ɗalibai. Ran da ta yi ƙoƙari ta gama goma sha biyar.

Daga baya wani ɗan'uwan mijinta da ke aiki a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ya ara mata tasa sikana mai fitila a jikin murfi, irin wadda aka yi domin fim. Da ita ta sake ɗaukar hotunan da suka fi muhimmanci. Idan aka sa na'urar ta ɗauki ɗigo 2,400 a kowane inci, ɗan fim ɗin yakan ba da hoto mai ɗigo kusan 3,400 a faɗi da 2,270 a tsaye, wato kusan miliyan 8, wanda ya isa a buga shi a babbar takarda a liƙa a bangon aji. Kowane hoto ta ajiye shi iri biyu: babban fayil na TIFF mai kusan megabait 23, wanda ba a taɓawa, da ƙaramin JPEG na aikawa da nunawa. Na'urar tana da wata dabara ta share ƙura da kanta, amma dabarar ba ta jituwa da Kodachrome, takan cinye gefen abubuwa, don haka ta kashe ta. Kowane hoto yakan ci mintuna, kuma sau da yawa wuta takan ɗauke ana tsakiyar aiki.

A nan ne ta lura hotunan ba iri ɗaya suka tsufa ba. Na Kodachrome da suka kwana a duhu shekara kusan 50 sun fito kamar jiya aka ɗauke su: shuɗin babbar riga yana nan, koren shinkafa yana nan. Waɗanda Malam ya ɗauka da Ektachrome, lokacin da wancan ya yi wuyar samu, sun koma jajaye, sama ja, ruwa ja. Dalili shi ne hoton launi rini uku ne aka jera, kuma a tsohon Ektachrome rinin da ke ba da shuɗi da kore shi yake fara gudu, ya bar ja shi kaɗai. Sai dai Kodachrome ma yana da nasa rauni, hasken majigi yana kashe shi. Hotunan da suka fi koɗewa cikin nasa su ne na Argungu da na hawan salla, waɗanda yara suka fi roƙo a sake nuna musu. Ana iya rage jan da kwamfuta, ta kuma rage, amma a kan kwafi, ba a kan babban fayil ba.

Ranar da ta koma Gwandu da kashin farko, ta jona wayarta da talabijin ɗin gidan bayan magariba. Malam ya matso da kujera har ya kusa taɓa gilashin. Hoto na uku da ya fito shi ne na ranar raba kyaututtuka, yana miƙa wa wani yaro littafi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Uwata, wanga ba daidai na ba. Ni ban taɓa miƙa ma yaro littahi da hagu ba.” Gaskiyarsa. Ta kifa fim ɗin ne a lokacin ɗauka, dama ta koma hagu. Fim yana da fuska biyu, ɗaya mai sheƙi, ɗaya marar sheƙi inda rini yake, kuma mai sheƙin ce ya kamata ta kalli kyamara. Da ta koma ta bincika sai ta tarar ta kifa fiye da ashirin. Inda akwai rubutu a allo kuskuren yana tona kansa, amma a hoton kasuwa ko gona ba mai ganewa sai wanda ya san wurin. Kuma abin ba na ladabi ba ne kawai. Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Hoton babbar mota a kan hanya, idan aka kifa shi, yana iya sa mai nazari ya ɗauka an yi shi kafin wannan rana, alhali bayanta aka yi.

Daga wannan dare ta fara kallon hotunan da idon mai neman shaida. Kamfanin yakan buga wata da shekara a bakin kwali, amma wannan lokacin wanki ne, ba na ɗauka ba, kuma fim ɗin Malam yakan yi watanni a cikin kyamara. Allon makaranta ya fi faɗin gaskiya. Wanda aka rubuta Jihar Arewa maso Yamma a kansa, to tsakanin 1967 ne da 1976. Wanda aka rubuta Jihar Sakkwato, daga 1976 ne zuwa gaba, domin Jihar Kebbi ba ta samu ba sai 27 ga Agusta, 1991. Farashin da aka rubuta da sule a darasin lissafi yana nuna ba a shiga Janairun 1973 ba, lokacin da naira da kobo suka zo. Akwai hotuna shida na Buzaye da suka sauka a bayan gari da 'yan awakin da suka rage musu. Waɗannan ba su buƙaci allo ba, Malam ya ce na shekarar fari ne, 1973.

Wannan damuwa da suna da lokaci ba baƙuwa ba ce a Gwandu. Malam Abdullahi ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta wurin kowane. Masu kwafar littattafai da hannu sukan rufe aikinsu da sunansu da ranar da suka gama. Kuma a wannan gari ne, a watan Mayun 1853, zamanin Sarki Halilu, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sami aron littafin Tarikh al-Sudan, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya cikin gaggawa. Ta hanyarsa Turai ta san tarihin daular Songhai. Amma ya danganta littafin ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman al-Sa'adi ne ya rubuta shi, kuma kuskuren bai gyaru ba sai kusan ƙarshen ƙarnin. Kwafin ya yi kyau, sunan ne ya kuskure, kuma ya ɗauki shekaru kusan 40 yana yawo a littattafai.

Saboda haka ta sayi littafin rubutu mai kauri, ta ja layuka. Kowane hoto ta ba shi lamba, ta rubuta lambar da fensir a bakin kwalinsa, ta sa wa fayil ɗinsa lambar. A gaban lambar akwai gurbin wuri, da na shekara, da na mutanen da ke ciki daga hagu zuwa dama, da gurbi na ƙarshe na wanda ya faɗa. Wannan gurbin na ƙarshe shi ne ya fi sauran daraja, ko da yake ba kowa zai ga haka ba da farko. Malam yakan faɗi suna yau, mako mai zuwa ya faɗi wani. Ba ta goge na farko, sai ta rubuta duka biyun da ranakunsu. Ta kuma koyi kunna rikodar waya ta ajiye a gefe, domin hoton marina ɗaya yakan jawo hira ta rabin sa'a a kan baba da toka da yadda ake gane rini ya nuna, abin da ba ya cikin hoton ko kaɗan.

Hoton da ya fi ba ta aiki shi ne na 'yan aji ɗaya na Kalgo, waɗanda aka ɗauka a Satumban 1976, lokacin da aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara 43 ne zaune a ƙasa ƙarƙashin itace, domin ɗakunan karatu ba su isa ba. Malam ya tuna tara. Sauran sai ta buga hoton a babbar takarda ta ba mijinta ya kai majalisar dattawa, ita kuma ta bi gidaje wajen mata. Wani mai sayar da taki, kansa duk furfura, ya ɗora yatsa a kan wani yaro mai ƙaton kai a layin gaba, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya bi layin yana faɗin sunaye, yana cewa wannan ya rasu, wannan yana Legas, wannan shi ne limamin unguwarsu. A cikin wata biyu aka sami 34. Tara ɗin da suka rage yawancinsu 'yan mata ne da aka cire daga makaranta kafin su kai aji uku.

Ba kowa ya yi murna ba. Wata dattijuwa ta gane kanta cikin masu sussukar shinkafa, tana budurwa, ɗaure da zane a ƙirji, kanta ba ɗankwali. Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta yarda surukanta da jikokinta su ga wannan yana yawo a waya ba. Wasu sun ce ai tarihi ne, ba a ɓoye shi. Amma hoton da aka ɗauka don a nuna wa yara 40 a ɗaki mai duhu ba ɗaya yake da wanda zai isa waya dubu kafin gari ya waye ba, kuma ba a nemi izininta ba tun farko. 'Yar Malam ta buga mata kwafi ɗaya ta ba ta a hannu, ta rubuta a littafi cewa wannan lamba ba ta fita.

Wani ƙanenta ya ba da shawarar a zubar da 'yan kwalayen tunda an riga an kwashe abin da ke cikinsu. Ta ƙi, kuma ta yi daidai. Kwalayen sun yi rabin ƙarni ba su nemi wuta ko caji ba, har yau mai ido yana kara su da rana ya gani. Faifan CD na bikin aurenta kuwa bai kai shekara 15 ba ya daina buɗewa, wayoyi biyu sun ɓace mata a mota da duk abin da ke cikinsu, hoton da aka aika ta WhatsApp kuma yakan isa a matse, an rage masa ɗigo. Ta yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta a Kalgo, ɗaya a filasha a Gwandu, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Kwalayen ta raba masu fumfuna da masu lafiya, ta mayar wa Malam abinsa cikin sabon akwati, aka ɗora a kan kanta nesa da ƙasa.

Akwai hoto ɗaya da ta ajiye sai ƙarshe. Mahaifiyar Malam tana cikin tsofaffin da ba su yarda da hoto ba, har ta rasu ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma ta rasu kafin a haifi mai sunanta. Amma a wani hoton suna da aka yi a gidan, can a gefen hagu, bayan masu raba goro, akwai wata tsohuwa da ta fito daga ɗaki riƙe da ƙwarya, ta juyo rabin fuska. Ba ita aka nufa ba, don haka ta fito dishi-dishi, kuma reshen fumfuna ya ratsa ta daga kafaɗa zuwa kunci. Malam ya taɓa ambata cewa akwai irin wannan hoto. Da ta same shi ta ɗauke shi har sau biyar, ta ƙure iyawar na'urar, amma abin da fim bai kama ba sikana ba ta iya fito da shi. Wani ɗalibinta na da ya nuna mata wata manhaja ta waya da ke gyara tsofaffin hotuna. Ta yanko fuskar ta saka. Cikin daƙiƙa kaɗan sai ga wata kyakkyawar tsohuwa, idanu tar, fata sumul, har da alamar murmushi. Ta kwana tana kallonta tana neman kamanninta a ciki.

Ran Asabar ta kai Gwandu. Ta ce, “Baba, ku duba wannan.” Malam ya matso, ya kalla, ya ce wace ce. Ta faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, “Wagga ba Inna ta ba. Ina tsagenta?” Tsohuwar tana da tsage a kunci, kuma fumfuna ta bi ta daidai wurin. Manhajar ba ta san ta ba. Irin waɗannan manhajoji ba sa dawo da abin da ya ɓace, suna cike gurbi ne da abin da suka koya daga fuskokin wasu mutane, shi ya sa ta share tsagen tare da fumfunar, ta ba ta idanun da ba nata ba. Sai 'yar ta buɗe na asali, mai dishi-dishi. Malam ya daɗe bai ce komai ba. Daga nan ya fara nuna abubuwa da yatsa: yadda take karkata kai idan ta fito rana, da ƙwaryar da aka ɗinke bakinta, da baƙin zanen saƙi da ba ta rabuwa da shi. Ya ce a bar masa shi a talabijin ɗin, kada a wuce.

Da dare ta goge fuskar da manhajar ta yi, daga waya da kwamfuta duka, don kada wani jika ya tsince ta wata rana ya ɗauka ita ce. Ta buɗe littafinta a lamba ta 287. A gurbin wuri ta rubuta Gwandu, cikin gida, ƙofar ɗakin gabas. A gurbin shekara ta rubuta abin da aka buga a bakin kwali, ta ƙara da cewa Baba ya ce da kaka ne, bayan an yanke gero. A gurbin wanda ya faɗa ta rubuta ɗanta. A gurbin mutane kuma, ta farko daga hagu, ta rubuta sunan da ita ma take amsawa.